Kyamarar tsaro a shago: wacce zan saya, kuma da gaske tana hana sata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi na sari a Kano, da sito a bayansa, da yara uku da ke taya ni. Wata huɗu ke nan duk ƙarshen wata in muka yi ƙidaya sai an samu giɓin katan-katan na madara da taliya, kwanan baya kuma aka fasa rufin maƙwabcina da dare. Wani ya ce in sayi ƙananan kyamarorin nan masu kama da ƙwan lantarki guda huɗu, waɗanda ake kallo a waya. Wani kuma ya kawo mini lissafin kyamara takwas da DVR, wato rikodar da ke ajiye hotonsu, kuɗinsa ya ninka na farko sau da yawa. Wanne ya fi? Kuma da gaske tana hana sata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Sata biyu ce a cikin tambayarka, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai ta dare, wadda baƙo ke shigowa ta rufi ko ya ɓalle kwaɗo. Akwai ta rana, wadda kaya ke zurarewa da kaɗan-kaɗan shago yana buɗe, kana zaune ko ka tafi masallaci. Katan ɗin madara ba ya fita ta rufi a bar sauran sito a shirye. Giɓin da kake samu duk wata ta ƙofa yake fita, da rana tsaka, kuma a shekarun da na yi ina girka waɗannan na'urori a shaguna, wannan ta rana ita ta fi cin jarin mutane. Ta dare ta fi tsoratarwa ne kawai.

Batun ko tana hana sata, tana ragewa, amma ba yadda masu sayar da ita ke zuzutawa ba. A 2019 wasu masana harkar laifuka huɗu, cikinsu har da Eric Piza da David Farrington, suka tattara binciken da aka yi tsawon shekara 40 a kan CCTV, yawancinsa a Birtaniya da Amurka. Abin da suka samu shi ne laifuka sun ragu da kusan kashi 13 cikin 100 a wuraren da aka sa ta, a wuraren ajiye motoci kuwa raguwar ta kai kashi 37. Inda ta yi tasiri shi ne inda akwai mai kallonta a lokacin da abu ke faruwa, da inda aka haɗa ta da wasu matakan kamar fitila da masu gadi. Inda aka kafa ta aka bar ta tana ɗauka ba mai dubawa, ba a ga wani bambancin a zo a gani ba. Binciken ba a shagunan Singa ko Kwari aka yi shi ba, amma abin da nake gani a nan bai saɓa masa ba. Makon farko kowa na tsoron kyamara. In aka yi wata biyu maigida bai taɓa cewa "jiya da ƙarfe uku na ga kaza" ba, sai ta zama ado, har a riƙa rataya mata tsumma.

Ƙwan lantarkin nan da aka ba ka shawara, ban raina shi ba. In a falo ne kana son ganin ko yara sun dawo daga Islamiyya, ya isa. A shagon da ke da jari bai dace ba. A soket ɗin fitila ake ɗaura shi, don haka duk wanda ya danna makunnin bango ya kashe shi, ba sai ya taɓa shi ba. Abin da ya ɗauka a ɗan memori yake ajiyewa a cikin cikinsa, ɓarawo ya murɗe shi ya sa a aljihu, ya tafi da kyamara da shaida gaba ɗaya. Yana juyawa dama da hagu, abin da ke burge mai saye ke nan, amma lokacin da yake kallon dama bai san abin da ke faruwa a hagu ba, yaran shago kuwa kwana biyu ya ishe su gane inda ya sa gaba. Ga shi ya dogara da wayifai, wanda a cikin kasuwa mai cunkoso da bangon siminti da ƙofofin ƙarfe yake yawan yankewa. Ranar da ka nemi hoton wani lokaci sai ka tarar daidai nan ne babu.

Saboda haka mai lissafin DVR ya fi kusa da gaskiya. Amma kada ka karɓi lissafinsa yadda ya kawo, don na san irin waɗannan takardun: kyamara takwas, DVR ɗaya, faifan ajiya ƙarami, kebul, kuɗin aiki. Ba maganar wuta a ciki, ba maganar inda kowace kyamara za ta kalla.

Tsari biyu ne masu kebul. Na DVR, kowace kyamara tana da kebul ɗin hoto da kuma wayar wuta ta bolt 12. Ya fi araha, kowane mai gyara ya san shi, kayansa suna ko'ina. Na NVR, ita ma rikoda ce, kebul ɗin intanet guda ɗaya ne ke kai wa kyamara wuta ya dawo da hoto, yana tafiya har mita 100, hotonsa ya fi tsabta, kuɗinsa ya fi yawa. Ga shago ɗaya da sito, DVR mai kyau ya wadatar. In da babban ɗakin ajiya ne irin na Dawanau, da sai in ce NVR. Hikvision da Dahua, kamfanonin Sin ne duka biyun, su suka cika kasuwarmu, kuma ko wanne ka ɗauka ba ka yi asara ba muddin na ainihi ne. Ka sayi rikoda mai ƙofa takwas ko da kyamara biyar za ka fara da ita. Sai dai ka duba abu ɗaya a jikin kwalin: in ka ga an rubuta 1080N ko 1080p Lite, ma'anarsa rikodar tana ajiye rabin faɗin hoton ne, fiksel (ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto) 960 a maimakon 1920. A talabijin kana kallo kai tsaye hoton zai yi kyau ƙwarai. Sai ranar da ka koma baya kana neman fuska za ka ga an yi maka ƙwange.

Yanzu ga inda aikin yake, wato inda za a kafa su.

Akwai ƙa'idar da masu wannan sana'a ke bi a duniya, wadda ke auna fiksel nawa ne ke sauka a kan kowace mita ta abin da kyamara ke kallo. Da fiksel 25 a mita za ka san dai mutum ne ya wuce ba akuya ba. Da 125 za ka gane wanda ka riga ka sani, ka ce wannan tafiyar wane ce. Amma fuskar baƙo, wadda za ka nuna wa ɗan sanda ko shugabannin kasuwa a ce ga shi, sai da 250. Kyamarar megafiksel 2 tana da fiksel 1920 a faɗi. Ka raba da 250, ka samu kusan mita 7 da rabi. Wato in faɗin wurin da take kallo ya wuce haka, fuskar baƙo ta tafi. Kyamarar da aka fi sayarwa a nan idonta milimita 2.8 ne, mai buɗewa sosai, tana kwashe shago gaba ɗaya a hoto ɗaya. Mai shago yana ganin haka sai ya ji daɗi, ya ce ai ta ga ko'ina. Amma iyakar inda take tantance fuska bai wuce mita 3 zuwa 4 daga jikinta ba. Bayan nan kowa inuwa ne mai riga.

Ga kuma tsayi. Masu girkawa suna son kai ta can ƙurya kusa da silin, wai don kada a taɓa ta. An taɓa kirana wani shagon atamfa da aka ɗauke musu turmi shida da rana. Kyamara huɗu, duk suna aiki, duk sun ɗauki mutumin tun shigowarsa har fitarsa. Muka zauna muka kalla ta kowace kusurwa: hular hana-salla baƙa, kafaɗu, hannu yana tura turmi a cikin buhu. Minti huɗu cur yana cikin shagon, ba mu ga ko haɓarsa ba. Duk daga sama suke kallonsa kamar shaho.

Don haka kyamara ɗaya aikinta fuska ne kaɗai, ba ruwanta da sauran shago. A sa ta daga ciki tana fuskantar ƙofar shigowa, tsayinta kada ya wuce mita 2 zuwa 2 da rabi, idonta ya zama milimita 4 ko 6 don ta matse a kan ƙofar. Wannan ita za ka kashe wa kuɗi fiye da sauran. Lallai ta kasance mai WDR na gaske, wanda ake rubuta 120dB a jikinsa, saboda tana cikin inuwa tana kallon hasken rana. In babu shi, duk wanda ya tsaya a bakin ƙofa da azahar baƙi ƙirin zai fito, bayansa fari fat. Wanda aka rubuta DWDR kwaikwayo ne, ba ya yin aikin.

Ta biyu a saman kanta, tana kallon durowar kuɗi da na'urar POS da hannun mai karɓa da na mai bayarwa. Ita ke raba gardamar "dubu goma na ba ka", ita ke nuna wanda ya nuna alat na bogi a waya ya ɗauki kaya. A saita ta tana ɗaukar hoto 20 zuwa 25 a daƙiƙa, don hannu mai ƙirga kuɗi yana da sauri. Sauran 12 zuwa 15 ya ishe su.

Ta uku, wadda a ganina ita ce amsar giɓinka, a kan ƙofar da ke tsakanin sito da shago. A kafa ta ta gefe yadda duk katan ɗin da ya fito za a iya ƙirga shi a ga rubutun jikinsa. Ta huɗu a waje inda ake lodi, inda 'yan dako da masu kura da A Daidaita Sahu ke tsayawa. Waɗannan biyun in ka haɗa su da littafin rasit, ka kama bakin zaren: katan nawa ya bar sito, nawa ya hau mota, nawa aka rubuta. Ta biyar a cikin sito tana kallon layukan kaya da silin. Ta shida a lungun baya, inda mai hawa rufi zai jingina tsani ko ya taka katanga. Shida ke nan. Ragowar biyun da ke cikin lissafin, ka mayar da kuɗinsu kan batir.

Mai juyawa da kanta, wadda ake kira PTZ, kada ka saya. Ta masu ɗakin kallo ce da ma'aikaci a zaune. Ta bogi mai ƙyafta jar fitila ma ka bar ta, ɓarayin yanzu sun fi wasu masu girkawa sanin kaya.

Da dare yawancin kyamarori suna haska wurin da wani haske da idon mutum ba ya gani, hoton ya fito fari da baƙi. A cikin sito wannan ya yi. A waje na fi son masu ɗaukar launi da dare, ColorVu a wajen Hikvision, Full-color a wajen Dahua, ko kuma ka sa fitilar sola mai ƙarfi kusa da ita. Launin riga da launin babur shaida ne, kuma hasken kansa yana korar mai raɓewa. Ka guji mai murfin roba kamar kwano a kife, musamman a waje. Hunturu na shigowa ƙura za ta lulluɓe murfin, hasken dare ya riƙa dukan ƙurar yana dawowa cikin idonta, hoton ya zama kamar an watsa koko. Wadda idonta ke fili ba murfi ta fi jure garinmu. Gizo-gizo ma yana son wurin, don ƙwari na taruwa a hasken, zare ɗaya a gaban ido ya isa ya ɓata dare guda. Tsumma mai laushi da tsani sau biyu a wata, shi ke nan. Ta waje a tabbatar an rubuta IP66 ko IP67, alamar tana jure ruwa da ƙura, saboda damina.

Sai wuta, wadda ita ke kashe yawancin kyamarorin da ke garin nan alhali suna rataye lafiya lau. Kana rufe shago kana kashe janareta, wutar NEPA kuwa ka san halinta. In ba a yi wa kyamara tanadin kanta ba, tana aiki ne lokacin da kake nan, ta kwanta barci lokacin da ka tafi, daidai lokacin da mai fasa rufi ke fitowa. Ga lissafin. Kyamara ɗaya tana cin wat 5 zuwa 7 da dare, shida sun kama wat 36. Rikoda da faifanta wat 15 zuwa 20. Rauta ta intanet wat 8 ko ƙasa. A dunƙule ka ce wat 60. Daga 6 na yamma zuwa 8 na safe awa 14 ne, 60 sau 14 ya ba ka wat-awa 840, jimillar wutar da za a ci a daren. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200 a rubuce, amma in na ruwa ne rabinsa kaɗai ake ci in ana son ya yi ƙarko, wato 600. Bai kai ba. Zai mutu wajen ƙarfe 4 na asuba. Ko dai na ruwa mai amfiya 200, ko litiyam mai amfiya 100, wanda ake iya shan kusan dukansa. Ɗan UPS ɗin kwamfuta da wasu ke haɗawa a lissafi ba ya kai awa ɗaya, amfaninsa kawai ya riƙe kafin a tada janareta.

A awa 24 tsarin yana cin kusan wat-awa 1,440, don haka farantin sola na wat 400 zuwa 500 zai ciyar da shi ya cika batir a ranar da ba hazo sosai. Sharaɗin shi ne wannan batir na kyamara ne kaɗai. Ranar da aka jona masa fanka da cajin wayoyi da firjin lemo, lissafin ya rushe. Kuma tunda rikoda da kyamarorin duk bolt 12 suke ci, mai girkawa da ya san aikinsa zai iya ba su wuta kai tsaye daga batir ta na'urar daidaita bolt, ba sai an bi ta inbata ana asarar wani kaso ba. A sa fiyus a bakin batir, a bi da wayoyi ta cikin faif, kada a bar haɗi a buɗe kusa da kwali. Wanda ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan abin da za a bari a kunne cikin shago a rufe.

Kebul ma ana ha'inci a cikinsa. Akwai na jan ƙarfe zalla, akwai na alminiyam da aka yi wa fentin jan ƙarfe. Ka kankare bakinsa da reza, in ka ga fari a ciki, shi ne. Alamarsa a aiki ita ce da rana komai lafiya, da dare kyamarar da ta fi nisa ta riƙa ɗaukewa tana dawowa, saboda hasken darenta ya kunna, wutar da ke isa gare ta ba ta ishe ta ba. Mai shago ya yi ta canza kyamara, alhali laifin na cikin bango.

Batun ajiya ya shafe ka kai tsaye, tunda ka ce ƙarshen wata kuke ƙidaya. Kyamarar megafiksel 2 da ke ɗauka a megabit 2 cikin daƙiƙa tana cinye kusan gigabait 21 da rabi a yini. Shida sun kama 130. Faifan terabait 1, wanda shi aka fi sakawa a lissafi don kuɗin ya yi sauƙi, kwana bakwai zuwa takwas zai yi ya fara goge na baya. Ranar da ka gano giɓi, hoton ranar da kayan suka fita ya daɗe da tafiya. Kana buƙatar abin da zai riƙe kwana 35 aƙalla, wato terabait 4 in an kunna H.265, tsarin da ke matse hoto don ya rage cin wuri, kuma an saita na cikin sito su ɗauka sai sun ga motsi, ko 6 in kana son kwanciyar hankali. Faifan ya zama wanda aka ƙera don wannan aikin, WD Purple ko Seagate SkyHawk, sabo a ledarsa. Ana cusa wa mutane tsohon faifan kwamfuta da aka ciro daga kayan gwanjo, ya yi wata biyar ya tsaya, rikoda ta ci gaba da nuna hoto a talabijin kamar ba abin da ya faru, ba ta ajiye komai.

Amma ko faifan ya riƙe wata guda, wa zai kalla? Kyamara shida a kwana 30 awa 4,320 ce. Ba mai wannan lokacin. Abin da ke sa kyamara ta yi amfani shi ne ƙidaya ta matso kusa. Ka zaɓi kaya biyar ko shida da suka fi ɓata, madarar nan da taliya da makamantansu, a riƙa ƙirga su kullum kafin a rufe, minti goma ne. Ranar Talata aka ga babu katan biyu, kyamarar ƙofar sito ta ranar Talata kaɗai za ka duba, ka riƙa tsallakawa daga motsi zuwa motsi. Kafin ka shanye shayinka ka gama.

Kuma ka shirya ganin abin da ba ka zata ba. Wani mai shago irin naka ya sa na girka masa, zuciyarsa ta riga ta yanke hukunci a kan ƙaramin yaronsa, har ya fara neman wanda zai maye gurbinsa. Mako biyu muka zauna dubawa. Ga ƙanin maigidan nan ya zo da yamma, ya ce a sa katan biyu a bayan mota za a kai gida, a rubuta. Yaron ya ɗauka ya sa, ya juyo zai ɗauki littafi, mai saye ya kira shi, shi ke nan ba a rubuta ba. Wata ranar ɗan dako ya ɗauki 12 a lodin da aka biya 10, ba wanda ya ƙirga a bakin ƙofa, shi kansa bai san ya yi ba. A cikin giɓin gaba ɗaya, abin da za a kira sata da gangan bai kai rabi ba. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Yaron yana nan har yanzu, shi ke riƙe da makullin sito.

Shi ya sa nake ba da shawara kada a kafa ta a ɓoye wa yaran shago. Ka tara su ka gaya musu: kaya na ɓata, ban zargi kowa ba, wannan za ta wanke mai gaskiya. Mai amana zai fi kowa murna, don ya gaji da kallon da ake masa. Ka sa ƙaramin talabijin inda mai shigowa zai ga kansa, ka liƙa sanarwa a ƙofa da Hausa da Turanci. Mai hana sata ita ce wadda aka san da ita. Banɗaki da wurin canza kaya kuwa ba a kai musu kyamara ko da wane dalili. Addini ya hana bin diddigin al'aurar mutane, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a, hoton fuskar mutum yana cikin abin da ta shafa.

Rikoda ita ce zuciyar abin, kuma ɓarawon dare ya san haka. Na shiga wani kyamis da aka fasa, kyamarori na nan a rataye, ƙarƙashin kanta kuwa sai guntayen kebul takwas a yanke. Rikodar tana zaune ne a ƙasan talabijin, suka bi waya ɗaya suka same ta. Da ɗan gari akan ci gari, wani ya taɓa ganinta da rana. A sa ta a akwatin ƙarfe mai hujojin iska, a ɗaure da bango, a wurin da ba a gani daga kanta, kebul ya bi ta cikin faif. Kada a jefa ta cikin silin: zafin kwano a watan Afrilu zai dafa faifan, kuma ta nan ɗin ne mai fasa rufi zai sauko. Wasu sukan ajiye matacciyar rikoda a fili da 'yan wayoyi a jikinta don ɓarawo ya ɗauka ya tafi da murna. Dabara ce mai araha, ina yin ta.

Ga dare, abin da ya fi hoto amfani shi ne a tashe ka. Rikodojin yanzu suna iya bambance mutum da mage ko ɓera, AcuSense a Hikvision, WizSense a Dahua. A saita kyamarar sito da ta lungu yadda daga rufe shago zuwa asuba, in mutum ya gitta, saƙo ya shigo wayarka ta manhajar Hik-Connect ko DMSS, in rikodar na da wurin jona jiniya ita ma ta ɗauka. Wannan na buƙatar rauta mai layin waya da data a ciki kullum. Kallo kai tsaye a ƙaramin hoto yana cin wajen megabait 230 a awa ga kyamara ɗaya, saƙon gargaɗi kuwa ba ya cin komai. Sai ka tanadi wanda za ka kira da ƙarfe 2 na dare: maigadin layi, 'yan sintiri, ofishin 'yan sanda mafi kusa. Kada ka fito kai kaɗai.

Lambar sirri kai za ka sa da hannunka, mai girkawa ya juya baya. Asusun manhajar a buɗe shi da lambar wayarka, ba tasa ba. Da yawa sukan ɗaura rikoda a asusunsu su ba ka kallo kawai, ranar da kuka saɓa ko ya bar gari ka rasa yadda za ka yi, shi kuma yana ganin durowarka daga ɗakinsa. Kada a bar lambar da ta zo da ita daga kamfani ko 12345. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame ɗaruruwan dubban na'urori a duniya, da yawansu kyamarori da DVR, ba da wata gwaninta ba illa gwada irin waɗannan lambobin.

In Allah ya sa aka kama wani a hoto, a kwafe shi a filashi nan take kafin rikoda ta goge, a bar na asali a ciki. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya yarda da shaidar da ta fito daga na'ura, amma kotu za ta nemi takardar da ke bayyana na'urar da tabbacin tana aiki daidai a lokacin. Nan agogo ke shigowa. Akwai ɗan batir kamar kwabo a cikin rikoda, in ya mutu, duk ɗaukewar wuta sai kwanan wata ya koma wata tsohuwar shekara, lauyan wanda ake zargi kuwa abin da zai fara nunawa ke nan. Ka riƙa duba agogon duk Juma'a. Kuma ka riƙe hannunka daga watsa hoton a Facebook da WhatsApp. Hoto mai dishi-dishi yana kama da mutum goma, kuma ka san abin da taron kasuwa ke yi wa wanda aka kira ɓarawo kafin a tambayi sunansa.

Kada ka biya cikon kuɗin aiki ranar da aka gama. Ka riƙe kashi ɗaya cikin uku sai an kwana biyu. Ka sa wani wanda yaranka ba su sani ba ya shigo da azahar da hular hana-salla, ya fita. Washegari ka ce wa mai girkawa ya tsaya gefe, kai da kanka ka nemo wurin a rikoda, ka tsayar, ka zuƙo fuskar, ka nuna wa maƙwabcinka ka ji ko zai iya siffanta shi. Ka sa a fito da katan biyar daga sito a jere, ka ga ko za ka ƙirga su a hoto ka karanta sunan kayan. Daren farko a kashe wutar shagon gaba ɗaya daga mita, da safe ka duba ko akwai hoton ƙarfe 5 na asuba a duk kyamarori shida. Ka sa maigadi ya bi ta lungun baya da tsakar dare, ka ga ko wayarka za ta yi ƙara. Sannan ka kwafi minti biyu a filashi ka buɗe a wata kwamfutar daban. Wanda ya faɗi a cikin waɗannan, a gyara shi tukuna, sannan a yi maganar ciko.